Ashe Haka Ashe Yake? Amsoshin Tambayoyinku Kan Gwarzon Tanis

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filin namu. A fitowar da ta wuce na ambaci sunan Arthur Ashe a layi ɗaya tal, ina cikin ba wani amsa kan gasar tanis ta Amurka, wato US Open, to sai ga saƙonni suna shigowa kamar ruwan Agusta, wasu na tambaya wasu na gyara min wasu kuma faɗa kawai suka zo yi. Shi ya sa yau filin nasa ne gaba ɗaya, masu tambayar ƙwallon ƙafa ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya daga wani ɗalibi, Samaru: Slm Malam, don Allah wai wane ne wannan Ashe ɗin da na ga an rubuta sunansa a jikin filin da ake buga fainal na US Open? Ni wlh da farko na ɗauka Hausa ce, ashe suna ne.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Ba kai kaɗai ba ne, duk Bahaushen da ya fara ganin sunan a rubuce sai ya yi masa karatun gida. Ana furta shi ne "Ash", kamar dai in an ba ka labarin da bai yi daɗi ba ka ce ash! Filin da ka gani yana birnin New York, an buɗe shi a 1997, yana cin mutum sama da 23,000, kuma babu filin tanis da ya kai shi girma a duniya.

An haife shi ranar 10 ga Yuli 1943 a garin Richmond na jihar Virginia, a lokacin da doka ce ta raba makarantar baƙi da ta fari, mota, asibiti, har famfon shan ruwa. Mahaifiyarsa ta rasu a 1950 yana ɗan shekara shida. Babansa mai gadi ne a wani filin wasanni da aka ware wa baƙaƙen fata kaɗai, kuma gidan da aka ba su yana cikin filin, wato yaro ya buɗe ƙofa sai ga ragar tanis a gabansa. Uban nan mai zafi ne sosai, ranar da aka sa yaron makaranta da kansa ya taka da shi ya duba agogo ya ga minti 12 ne tsakanin gida da makaranta, shi ke nan, in an tashi minti 12 yake da su ya iso gida, ba tsayawa kallon faɗa a hanya. Ya hana shi ƙwallon Amurka ta ture-ture saboda yaron siriri ne kamar sillen kara. Sai tanis.

Wanda ya gyara shi na gaskiya wani likita ne baƙar fata a garin Lynchburg, Dakta Robert Walter Johnson, wanda ya gina filin tanis a gidansa yana tara yara lokacin hutu yana ci da su yana koya musu. To ka ji dokar likitan nan, don in ba ka san ta ba ba za ka gane Ashe ba har abada: in ƙwallon abokin karawarka ta faɗi kusa da layi, ko kai ka ga ta ɗan fita, ka bar masa. Kada ka yi gardama da alƙalin wasa, kada ka jefar da raket, kada fuskarka ta nuna fushi. Ba wai don likitan yana son a cuci yaransa ba ne, ya san masu shirya gasa dalili kawai suke jira su ce ai ga halin baƙi, a daina gayyatarsu. Kuma ka tuna a 1955 ne aka kashe wani yaro ɗan shekara 14, Emmett Till, a Mississippi kan zargin wai ya yi wa wata baturiya rashin kunya. Ashe na da shekara 12 a lokacin. Yaron da ya tashi a haka dole ya iya haɗiye magana.

Daga nan ya samu sikolashif a jami'ar UCLA, a 1963 ya zama baƙin mutum na farko da aka saka cikin tawagar Amurka ta kofin Davis, wato gasar tanis ta maza da ake yi tsakanin ƙasa da ƙasa. Manyan kofuna uku ya ci shi kaɗai: US Open 1968, na Ostireliya 1970, sai Wimbledon ta Ingila 1975, kuma har yau da nake rubutun nan babu wani namiji baƙar fata da ya sake cin ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Na Wimbledon ɗin shi ne ya kamata ka nema a YouTube in kana da data. Ranar 5 ga Yuli 1975, shi yana da shekara 31 saura kwana biyar ya cika 32, abokin karawarsa Jimmy Connors ɗan shekara 22, bahago, mai riƙe da kofin, wanda ko set ɗaya, wato turmi ɗaya na wasa, ba a ci shi ba tun da aka fara gasar, ga shi kuma ya maka Ashe a kotu yana neman diyyar miliyoyin daloli saboda Ashe ya soke shi kan ƙin buga wa ƙasarsa kofin Davis. Kowa ya gama yanke hukunci cewa yanka za a yi. Shi Connors irin ɗan damben nan ne da ƙarfinka yake ci, in ka kawo masa da zafi ya mayar maka da wanda ya fi shi. Sai Ashe, wanda shi ma asalinsa mai bugu da ƙarfi ne, ya ajiye salonsa na shekara da shekaru a rana ɗaya, ya riƙa ba shi ƙwallo a sanyaye, ƙasa-ƙasa, mai santsi, in Connors ya matso raga ya ɗaga masa ita ta saman kai, in aka zo hutu ya zauna ya rufe ido shiru kamar mai lazimi. Connors ya rasa abin duka. 6-1, 6-1, 5-7, 6-4. Kuma da ya zo karɓar kofi rigar tawagar ƙasa ya sa mai USA a ƙirji, wato ita ce amsar ƙarar da aka kai shi, bai ce uffan ba. Daga baya Connors ya janye ƙarar.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa Bakano mazaunin Sabon Gari: Malam na Zazzau, wani a majalisarmu ya ce wai sojan Najeriya ya taɓa sa wa mutumin nan bindiga a Legas lokacin Murtala. Na ce ƙarya ne irin ta Zage-zagi. Raba mana gardama.

Amsa: Alhaji, sai ka biya kuɗin shayin majalisa, don an ka da kai. Kuma kafin ka ƙara zagin Zage-zagi ka tuna shi kansa Janar Murtala nan Kwalejin Barewa aka turo mana shi muka koya masa karatu.

Ga yadda abin ya faru. A watan Fabrairu 1976 an kawo wata babbar gasar ƙwararru Legas, a filin Lagos Lawn Tennis Club da ke kusa da dandalin Tafawa Ɓalewa, kuma Ashe ne tauraron gasar tunda shi ke riƙe da kofin Wimbledon. Ba zuwansa na farko ba ne ma, ya zo Najeriya a 1970 shi da Stan Smith a wani rangadi na ƙasashen Afirka. Ana cikin gasar, ranar Juma'a 13 ga wata da safe, Laftanar Kanar Buka Suka Dimka da mutanensa suka tare motar shugaban ƙasa Murtala a cunkoson Ikoyi suka buɗe mata wuta suka kashe shi. Wannan ranar ba ba ni labari aka yi ba. Ina aji huɗu a firamare a Tudun Wada, muka ga hedimasta ya fito da rediyo a manne a kunne, ba a jin komai sai baduja irin ta soja, ya kira malamai gefe suka yi ƙus-ƙus, can aka ce kowa ya tafi gida kada a tsaya a hanya. Na iso na tarar da babanmu a zaure da maƙwabta sun kewaye rediyo, ba mai magana, kuma ranar ce na fara ganin hawaye a fuskar dattijo mai gemu.

To an dakatar da wasa, an rufe filayen jirgin sama da iyakoki ana neman Dimka, 'yan wasa ba halin fita. Ga shi kuma gari ya ɗau zafi da Amurka da Ingila, don wata ɗaya kacal kafin nan Murtala ya tsaya a taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Addis Ababa ya yi wa Amurka tatas kan batun Angola, saboda haka mutane da yawa suka ɗora musu zargi, har zanga-zanga aka yi a ofisoshin jakadancinsu. A cikin wannan yanayin ne masu shirya gasa suka ce a dawo a ƙarasa. Ranar Litinin 16 ga wata Ashe na buga wasan kusa da na ƙarshe da wani Ba'amurke Jeff Borowiak, ya ci set na farko an shiga na biyu, sai ga sojoji sun faɗo cikin fili da bindigogi suna faɗa, ma'anar faɗan dai ita ce ƙasa na makoki ku kuna nan kuna wasa kuna neman kuɗi. Ɗaya ya dafa wa Ashe bakin bindiga a baya, ya fita daga fili hannu a sama, 'yan kallo kowa ya yi ta kansa. Daga baya aka samu aka fitar da su daga ƙasar, har da Pele, gwanin ƙwallon ƙafa na Brazil, wanda shi ma abin ya rutsa da shi a Legas, kuma sai a Caracas ta Venezuela aka je aka ƙarasa gasar, Dick Stockton ya doke Ashe a fainal.

In ka tambaye ni, sa wa baƙo bindiga abin kunya ne, ba shi ya kashe zomon ba, ko ratayar ma ba a ba shi ba. Amma su ma masu gasar ba su san mutane ba. Kwana uku da rasuwa fa. A unguwarmu ko mai faci ne ya rasu, mai kiɗan biki a layin zai sassauta har a yi sadakar uku, balle shugaban da talakawa ke kuka a kansa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutumin da aka kora da bindiga ɗin nan yana cikin 'yan wasan duniya ƙalilan da ke faɗa da gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu, wato faɗa ɗaya suke da Murtala, sojan dai bai sani ba.

Tambaya daga wani mai gyaran waya, PZ: Nawa ya samu da ya ci US Open?

Amsa: Dala 280. Ba kuskuren bugu ba ne. A 1968 ne aka fara barin masu buga wasa don kuɗi su shiga manyan gasa tare da 'yan sha'awa, shi kuma lokacin laftanar ne a sojan Amurka, a rajistar 'yan sha'awa yake, saboda haka kyautar dala 14,000 sai aka miƙa wa Tom Okker ɗan Holan wanda ya sha kashi a hannunsa, shi kuma aka ba shi alawus ɗinsa na dala 20 a kullum na kwana 14. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Amma akwai wanda ya biya masa abin da ya fi kuɗi, ƙaninsa Johnnie sojan ruwa ne da ya gama wa'adinsa a yaƙin Vietnam, ya san ba a cika tura 'yan'uwa biyu fagen daga lokaci guda ba, sai ya sa hannu ya koma karo na biyu don kada a tura yayansa.

Tambaya daga wani matashi, Kofar Doka: Malam ka yi haƙuri amma ni ban ga gwagwarmayar da ya yi ba. Muhammad Ali ya ƙi zuwa yaƙi aka ƙwace kambunsa, shi wannan yana sanye da kakinsu yana musu murmushi. Ba ɗan amshin shatan turawa ba ne kuwa?

Amsa: Ka ga wannan maganar taka, an faɗa masa ita a gaban idonsa tun yana raye, kuma baƙaƙe 'yan'uwansa ne suka faɗa. Ba zan ce maka babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Ali ya ƙi shiga soja a 1967 ya rasa shekara uku da rabi na ganiyar ƙarfinsa, a 1968 Tommie Smith da John Carlos suka ɗaga dunƙulen hannu a gasar Olamfik ta Mexico aka kore su, Ashe bai yi ko ɗaya ba. Shi da kansa a ƙarshen rayuwarsa ya rubuta cewa yana jin kunyar yadda yake can yana buga tanis cikin fararen kaya lokacin da ake fasa kawunan sa'o'insa a titi wajen neman 'yanci. Mutumin da ya faɗi haka a kan kansa ba sai ka tona masa asiri ba.

Amma shiru-shiru ba tsoro ba ne. Ka duba inda kowa yake tsaye, Ali na cikin dambe inda baƙaƙe suka cika, in ya yi tsawa akwai dubbai a bayansa. Ashe shi kaɗai ne tilo a cikin kulob-kulob ɗin da ba a barin irinsa shiga sai dai in shara ya zo yi, in ya yi kuskure ɗaya an rufe ƙofar ke nan ga duk yaron da ke tafe. To sai ya zaɓi hanyar naci. Ya nemi bizar Afirka ta Kudu don ya buga gasarsu aka hana shi, ya sake nema aka sake hanawa, shi kuma duk hanawar sai ya mai da ita labarin duniya, ya je gaban 'yan majalisar Amurka ya yi bayani, kuma wannan na cikin abin da ya sa aka kori ƙasar daga kofin Davis a 1970. A 1973 suka gaji suka ba shi, ya sa musu sharaɗin ba zai buga a gaban 'yan kallon da aka raba wa wurin zama ba, ya kai fainal Connors ya cinye shi, amma ya ci na bibbiyu shi da Okker. Ya shiga Soweto, unguwar baƙaƙen fata a gefen Johannesburg, yara suka yi ta binsa, akwai wanda ya ce masa shi ne baƙin mutum mai cikakken 'yanci na farko da ya taɓa gani. A tafiyar dai wasu 'yan gwagwarmaya suka ce masa ya koma gida, zuwansa wanke gwamnatin wariya kawai yake yi a idon duniya. Abin da ya burge ni, bai yi zuciya ba, ya saurara, kuma bayan 'yan shekaru ya dawo kan ra'ayinsu na a ƙaurace wa ƙasar kwata-kwata, wanda dama shi ne matsayin Najeriya, mu da muka fice daga Olamfik ta Montreal a 1976 kan wannan batu, kuma namu Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar. A 1983 Ashe da Harry Belafonte suka kafa ƙungiyar mawaƙa da 'yan wasa masu ƙaurace wa Afirka ta Kudu, a Janairun 1985 aka sa masa ankwa a ƙofar ofishin jakadancinta a Washington. A Satumban 1992 aka sake kama shi a gaban fadar White House kan yadda ake mayar da 'yan gudun hijirar Haiti, lokacin ciwo ya riga ya cinye shi, wata biyar ya rage masa a duniya. Ɗan amshin shata ba ya kai kansa caji ofis da irin wannan jikin.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya, Wusasa: Baba, wani saƙo na yawo a WhatsApp wai an tambaye shi me ya sa Allah ya ɗora masa ƙanjamau, ya ce da ya ɗaga kofi bai ce don me ni ba. Gaskiya ne? Kuma ya aka yi ya kamu? Ina tambaya ne sbd marasa lafiyarmu, da yawa tsangwama ke hana su zuwa karɓar magani.

Amsa: Allah ya yi miki albarka 'yata, ya biya ku aikin da kuke yi. Ainihin maganar tasa ce, cewa in zai ce ya Ubangiji don me ni a kan musiba to ya kamata ya faɗi haka a kan ni'imomin da ya samu ma. Kirista ne, amma duk wanda ya yi karatun allo ya san wannan, imani da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi.

Ciwon zuciya gadonsu ne. A Yulin 1979, yana ɗan shekara 36, mutumin da ba shi da ƙiba ko kaɗan, zuciya ta buga masa, aka yi masa tiyata a Disamba, ya ajiye wasa a 1980 ya zama kyaftin ɗin tawagar kofin Davis suka ci a 1981 da 1982. A 1983 aka sake tiyata ta biyu, jiki ya ƙi dawowa da wuri sai aka yi masa ƙarin jini don ya samu ƙarfi, kuma a lokacin ba a fara gwada jini don wannan ƙwayar cuta ba, sai a 1985 aka fara a Amurka. Shekara biyar bai san komai ba, sai a 1988 hannunsa na dama ya mutu, aka buɗe kai aka ga wata cuta a ƙwaƙwalwa irin wadda ke kama wanda garkuwar jikinsa ta karye, aka gwada aka ga ƙanjamau ne, kuma likitoci suka danganta shi da ƙarin jinin nan. Matarsa Jeanne ba ta ɗauka ba.

Suka rufe maganar kusan shekara huɗu, saboda 'yarsu Camera da suka ɗauko riƙo tana ƙarama, ba sa so a riƙa nuna ta a makaranta. Sai wani ya kai wa jaridar USA Today tsegumi, suka kira shi suna neman tabbaci, ya ga in bai faɗa da bakinsa ba za a faɗa masa, ranar 8 ga Afrilu 1992 ya tara 'yan jarida, da ya zo kan sunan 'yarsa murya ta sarƙe sai matar ce ta karɓi takardar ta ci gaba da karantawa. Ni ɗan jarida ne amma wannan ba aikin jarida ba ne, tonon silili ne, mutumin ba ya riƙe da muƙamin kowa, ya bar wasa shekara 12. Irin sa ne muke yi a unguwa, a ga mutum ya rame a fara ƙus-ƙus a wajen ɗaurin aure.

Abin da ya yi da wata goman da suka rage masa shi ne abin faɗa wa marasa lafiyarki. Ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar, ya yi ta yawo makarantu, ranar 1 ga Disamba 1992 ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Har ya taɓa gaya wa wata 'yar jarida cewa ƙanjamau ba shi ne kaya mafi nauyi da ya ɗauka ba, zama baƙar fata a Amurka ya fi shi nauyi, ta kasa yarda. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu 1993 da ciwon huhu, yana da shekara 49. Shekara uku bayan nan, a 1996, aka fito da haɗin magungunan da suka mai da cutar abin da ake rayuwa da shi har tsufa. Ki gaya musu abin da shi bai samu ba da duk sunansa da kuɗinsa, yau kyauta ake ba da shi a asibitin gwamnati, kuma wanda ke shan magani a kan ƙa'ida har ƙwayar ta kwanta ba ya sa wa matarsa ko mijinta.

Af, na manta, a garinsu Richmond da aka hana shi shiga filayen turawa yana yaro, a gidan gwamna aka ajiye gawarsa jama'a suka yi layi, kuma a 1996 aka kafa gunkinsa a titin da aka jera gumakan janar-janar ɗin da suka yi yaƙi don a ci gaba da bauta. An yi rigima sosai kafin a yarda. Tsakanin 2020 da 2021 aka tumɓuke na janar-janar ɗin duka, nasa kaɗai ya rage a titin, yana riƙe da littattafai a hannu ɗaya raket a ɗayan, littattafan sun fi ɗagawa sama.

Tambaya daga wata malamar makaranta, Kongo: Malam kullum maza kuke kambamawa. Ina Althea Gibson?

Amsa: Malama na karɓi laifina. Ba'amurkiya ce baƙar fata, ita ce ta fara fasa ƙofar a tanis, ta ci gasar Faransa a 1956, ta ci Wimbledon da ta Amurka a 1957 ta maimaita a 1958, Ashe na sakandare lokacin, kuma likitan nan dai Dakta Johnson shi ya taimaka mata. Zamaninta babu kuɗin kyauta, ta tsufa cikin rashi, ta rasu a 2003, sai a 2019 aka tuna aka kafa mata gunki a gefen filin da ke ɗauke da sunan Ashe. Kuma tunda kin taɓo, shi ma gwarzon namu a nan ya yi tuntuɓe, lokacin da su Billie Jean King, gwanar tanis ta mata, ke faɗan a daidaita kuɗin maza da mata, bayan a Wimbledon ta 1968 an ba Rod Laver da ya ci na maza fam 2,000 ita da ta ci na mata an ba ta 750, Ashe na cikin mazan da ba su mara musu baya ba, ƙungiyar 'yan wasa da ya taimaka aka kafa a 1972 ta maza ce zalla. Daga baya ya sauko. Yanzu filinsa yana cikin harabar da aka raɗa wa sunan Billie Jean King a 2006, wato dai a gidanta yake haya.

Tambaya daga wani magidanci, Gyallesu: Yarona ɗan shekara tara ya dame ni wai tanis yake so, ni kuma ɗinki nake yi. Wannan ba wasan 'ya'yan masu kuɗi ba ne?

Amsa: Maigida, wasan masu kuɗi ne, ba zan yaudare ka ba, raket da takalmi da ƙwallo duk da tsada, amma yawancin waɗanda suka yi suna a ƙasar nan 'ya'yan talakawa ne da suka shiga ta ƙofar tsintar ƙwallo. Ni ma na yi, a wani kulob a nan garin da ba sai na faɗi suna ba. Muna tsayawa a bayan layi ba takalmi, siminti na ƙona ƙafa, in aka buɗe sabon gwangwanin ƙwallo ya yi fiss ɗin nan wani ƙamshin roba ya tashi har rige-rigen ɗaukar murfin muke, in ƙwallo ta yi sanƙo gashinta ya ƙare sai a jefo mana ita ce ladanmu. Wata rana manya sun tafi sallar la'asar na ɗauki raket ɗin wani na buga sau uku, ya dawo ya gan ni, marin da na sha har yau in na ji fiss ɗin gwangwani sai kunnena ya yi ƙara. Ban sake komawa ba, shi ya sa nake rubutu a kan wasan maimakon buga shi.

Wani yaron kuma sa'arsa daban. A 1971 Ashe na rangadi a Yawunde ta Kamaru ya ga ɗan shekara 11 yana bugu da wani katako da aka sassaƙa, ya tsaya ya buga da shi, ya ba shi raket, ya kira wani babba a hukumar tanis ta Faransa ya ce akwai yaro a nan ku zo ku ɗauka. Yaron shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Faransa a 1983. A shekarar ce kuma namu Nduka Odizor, wanda shi ma da tsintar ƙwallo ya fara a Legas, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon, ga Sadiq Abdullahi da ya wakilci Najeriya a Olamfik ta Seoul a 1988, ga gasar Dala da ake yi a Kano nan kusa da mu, in lokacinta ya zo ka sa shi a mota ku je ya ga yadda ake yi da idonsa.

Kafin nan ka duba wajen 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari ka samo masa raket na hannu, mara nauyi, da tsofaffin ƙwallaye ko uku ne. Ka sami bangon siminti mai faɗi, ka auna ƙafa uku daga ƙasa da tef ɗinka na ɗinki, don tsayin raga ke nan a tsakiya, ka ja layi da gawayi, ya riƙa bugawa sama da layin yana ƙirgawa, in ya iya yin hamsin ba faɗuwa sai ka kai shi inda ake da fili da yamma ka gaida kocin ka ce ga ɗanka, kuma ka tsaya ka ga irin mutanen da za ka bar shi a hannunsu. Bangon dai kada ya zama na ɗakin maƙwabci, kuma kada ya zama ginin ƙasa, na gwada a gidanmu yaɓen ya zubo.